Yadda ake yi wa jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da HIV allurar rigakafin tarin fuka

Idan mace mai ɗauke da HIV ta haihu, jaririn ya zo lafiya lau, yana kama nono, babu alamar ciwo a jikinsa, to a yi masa allurar BCG, wato rigakafin tarin fuka, a ranar da aka haife shi, ko da wuri gwargwadon hali, kamar yadda ake yi wa ɗan kowa. Ba sai an jira sakamakon gwajinsa ba. Wannan ita ce matsayar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, kuma da ita ake aiki a asibitocin Najeriya. Jarirai iri uku ake ɗaga wa allurar: wanda gwaji ya riga ya tabbatar ya kamu da HIV, wanda jikinsa ya nuna alamun cutar, da wanda mahaifiyarsa ke fama da tarin fuka mai yaɗuwa a lokacin haihuwa.

Da ke nake magana, 'yar'uwa mai ciki ko mai jego, amma maigida da duk wanda kika amince wa sirrinki su ma su karanta, domin akwai wuraren da ke kaɗai ba za ki iya ba.

Abin da ya kawo tababa a kan wannan allura

BCG ƙwayar cuta ce mai rai wadda aka karya wa ƙarfi. Wasu masana biyu na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin, su suka ɗauki ƙwayar tarin fukar shanu suka yi ta renonta tsawon shekara 13 har ta daina sa ciwo, aka fara ba wani jariri ita a Paris a 1921. Idan ta shiga jikin yaro mai garkuwa, jikin zai yaƙe ta a wurin da aka yi allurar, ya kuma riƙe kamanninta. Ba ta hana kowane irin tarin fuka, musamman na huhu da ke kama manya. Amfaninta babba shi ne kare ƙananan yara daga munanan nau'o'i biyu: sankarau na tarin fuka, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe yaro ko ya bar shi da nakasa, da kuma wanda ke bazuwa a jiki gaba ɗaya ta hanyar jini.

To idan garkuwar yaron ta riga ta karye fa? Nan ne matsalar take. Ƙwayar da aka raunana tana iya samun sarari ta bar damtse ta shiga hanta, saifa da ƙashi. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna cewa a cikin jariran da suka kamu da HIV aka kuma yi musu BCG, kusan ɗaya cikin 100 ya gamu da wannan, kuma ciwo ne mai kisa. Irin wannan sakamako ne ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi wa yaron da aka san yana da HIV. Daga nan maganar ta bazu, ta rikiɗe a bakin mutane ta koma wai ɗan mai HIV ba a yi masa BCG, alhali ba haka aka ce ba.

Ɗan mai HIV daban, mai HIV daban. Ko uwa ba ta sha magani ko ɗaya ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke kamuwa. Idan tana shan magani yadda ya kamata, aka kuma ba jaririn nasa, adadin yana sauka ƙasa da 5 cikin 100. Wato mafi yawan waɗannan jarirai ba su da cutar. Kuma su ne suka fi kowa buƙatar kariya daga tarin fuka, saboda a gidan da HIV take, tarin fuka ya fi saurin shiga. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Idan aka hana dukkan waɗannan yara allura don tsoron kaɗan daga cikinsu, an bar masu yawa a buɗe. Don haka aka zaɓi a yi wa duk mai lafiya, sannan a bi shi da gwaji da sa ido. Allurar da bibiyar tare suke tafiya, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Mataki na farko: tun ciki bai tsufa ba

Lafiyar allurar nan tun daga awo take farawa. Ki je awon ciki da wuri, ki sha maganinki na HIV kullum a kan lokaci. Idan a wurin awon ne aka fara gano kina da cutar, a ranar ko cikin 'yan kwanaki ake ɗora ki a kan magani, ba a jira. Ki tambayi a yi miki gwajin yawan ƙwayar cuta a jini idan ciki ya shiga watannin ƙarshe. Idan ya fito ƙasa da 1,000, ana lissafa jaririnki cikin masu ƙaramin haɗari. Idan ya haura, ko kuma ba ki cika sati 4 kina shan magani ba kafin haihuwa, ko sai bayan haihuwa aka gano, to yana cikin masu babban haɗari, kuma maganin da za a ba shi zai bambanta.

A kowane zuwa awo ya kamata a tambaye ki abu huɗu: tari, zazzaɓi, gumin dare, da rama ko rashin ƙaruwar nauyi. In ba a tambaya ba, ke ki faɗa. Mai HIV ba ta jira tari ya yi sati 2. Ko na kwana nawa ne, a duba kaki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ake kira DOTS. Ki kuma faɗi idan akwai mai dogon tari a gida, miji ne, kishiya ce, tsohuwa ce, ko almajirin da ke kwana a zaure. Wannan amsar tana iya canza abin da za a yi wa jaririn ranar haihuwa.

Sai shawarar inda za ki haihu. Ki yi iya ƙoƙarinki ya zama asibiti, kuma asibitin da ke da maganin jarirai na kariya daga HIV. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyayenki a wani gari, ki gaya wa ma'aikatan da ke ba ki magani tun da sauran lokaci, su ba ki takardar tura ki da isasshen magani. Mata da yawa a nan zaren yake tsinke musu: sun bar asibitin da aka san su, sun je inda ba wanda ya sani, kunya ta hana su magana. Idan kin san akwai yiwuwar naƙuda ta kama ki a gida, ki tambaya ko za a ba ki ruwan maganin jaririn ki ajiye, a nuna miki yadda ake auna shi da sirinji.

Mataki na biyu: ranar haihuwa

Ki gaya wa ungozomar asibiti ko nas halin da kike ciki kafin a taɓa jaririn da allura. Na san nauyin wannan magana, musamman idan uwar miji ko kishiya tana tsaye a kanki. Ba sai kin faɗa da baki ba. Ki sa katin karɓar maganinki a cikin katin awo ki miƙa, ko ki ce, "Malama, ina son ganinki mu biyu." Ma'aikatan lafiya sun saba da wannan, kuma aikinsu ne su rufa asiri. A Najeriya akwai dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya, har da a asibiti. Abin da nas ba ta sani ba, ba za ta iya kare ɗanki daga gare shi ba.

Za a duba jaririn: nauyinsa, numfashinsa, zafin jikinsa, yadda yake tsotso, a laluba cikinsa. Idan lafiyarsa ƙalau, ga abin da zai samu. Da farko ruwan maganin nebirafin, wanda ake rubutawa NVP a kati, cikin sa'o'in farko, kada ya wuce kwana 3. Mai ƙaramin haɗari yana sha sau ɗaya kullum har sati 6. Mai babban haɗari ana haɗa masa da zidobudin, wato AZT, a kuma tsawaita har sati 12. Sannan alluran haihuwa guda uku: BCG, ɗigon shan inna a baki, da allurar ciwon hanta a cinya, wadda ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24. Nebirafin ba ya kashe BCG, BCG ba ta hana nebirafin aiki. Ana ba da su rana ɗaya ba tare da wata matsala ba.

Yadda ake yin allurar kuwa, yana da kyau ki sani don ki gane an yi daidai. A Najeriya a saman damtsen hagu ake yi. Adadin kaɗan ne ƙwarai, mililita 0.05 ga yaron da bai kai shekara ba. Ba a cikin tsoka ake soka ta ba, a cikin fatar kanta ake shigar da bakin allurar a kwance. In an yi daidai, za ki ga wurin ya ɗan taso ya yi fari kamar cizon sauro, bayan ɗan lokaci ya baje. Kada ki murza. Kafin ki tashi, ki tabbata an rubuta kwanan wata a katin rigakafi a layin BCG.

Bakwaini da jariri mara nauyi su ma ana yi musu, muddin cikin ya wuce sati 31 kuma jaririn yana cikin ƙoshin lafiya. In an kwantar da shi, sai a yi kafin sallama. Jaririn da ke fama da zazzaɓi ko wahalar numfashi kuwa, sai ya warware tukuna.

Akwai wani abu da ke ba iyaye haushi, amma yana da dalili. Kwalbar BCG ɗaya ta yara da yawa ce, galibi 20, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 zubar da ita ake yi. Shi ya sa ƙananan asibitoci ke ware rana guda a sati. Idan aka ce miki ki dawo ranar kaza, ki tambayi ranar da lokacin, ki dawo a wannan satin. Kada "sai bayan suna" ta zama "sai bayan arba'in".

Idan a gida aka haihu

Haihuwar gida ba ta rufe ƙofa ba, amma agogo yana tafiya. A kai jaririn asibiti a ranar ko washegari. Idan al'ada ta hana mai jego fita, to maigida ko wata babba da ta san halin da ake ciki ta ɗauke shi tare da katinki. Ba wanda zai yi mamakin an kai jariri rigakafi, don haka wannan fita ba ta tona asirin kowa.

Ga dalilin gaggawar. Jaririn da ya kamu da HIV, a kwanakin farko ba ya nuna komai, sai bayan makonni ko watanni alamu ke fitowa. Wanda aka kawo da wuri zai samu maganin kariya a kan lokaci. Wanda aka kawo bayan wata 2 ko 3, bai sha nebirafin ba, yana shan nonon uwar da wataƙila ba ta shan magani, lissafinsa ya canza. Har yanzu ana iya yi masa BCG, domin ana yin ta har kafin yaro ya cika shekara, amma sai an duba shi da kyau an ɗauki jininsa. Idan aka ga yana ramewa, ko farin abu ya manne masa a harshe da cikin kumatu yana ta dawowa, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko kaluluwa ta fito a wuya da hammata da matsematsi, ko hanta da saifa sun kumbura, to ba za a yi allurar ba sai sakamako ya fito. Idan nas ta ce a dakata saboda haka, ta yi daidai, kada a je wani wuri a ɓoye labari don a samu a yi.

Tun da maganar gida ake, bari in faɗi wannan. Kada a bari wanzami ya cire wa jaririn nan beli ko ya yi masa tsaga. Rauni a bakin yaron da ke shan nonon uwa mai HIV hanya ce da aka buɗe wa cutar, ban da zubar jini da askar da ta taɓa wani. Haka kuma nono zalla har wata 6: ba ruwa, ba zuma, ba rubutu, ba madarar gwangwani a tsakani. Haɗa nono da wasu abubuwa a watannin farko yana ƙara haɗarin kamuwa. Magungunan da asibiti ta ba shi ba su cikin wannan hani.

Mataki na uku: kula da wurin allurar

A nan ne iyaye mata suka fi tsorata, kakanni kuma suka fi kawo dabaru. Bayan allurar, wurin zai yi shiru kamar ba a yi komai ba. Sai bayan sati 2 zuwa 4 wani ɗan ƙurji ja ya fito. Zai iya yin ruwa, ya fashe, ya ɗan zubar da mugunya, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, wani ya sake fitowa. A hankali, cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci fiye, ya warke ya bar ɗan tabo, lambar da yawancinmu muke da ita a damtse. Duk wannan alamar allura ce tana aikinta.

Abin da za ki yi kaɗan ne. Ki yi masa wanka kamar kullum, ki tsane wurin da tsumma mai tsabta ba tare da gogewa ba, ki sa masa riga mara matsewa. Idan ana gasa wa jariri jiki da ruwan ɗumi, a tsallake wannan damtsen. Kada a matse, kada a ɓare ɓawon, kada a shafa man kaɗanya, man shanu, man zafi, toka ko garin kafso, kada a manna filasta. Wajen goyo ki lura kada bakin zani ya riƙa gurzar wurin.

Wasu yaran, kamar ɗaya cikin goma, ba sa yin tabo sam. Rashin tabo ba ya nufin allurar ba ta kama ba, kuma ba a maimaita ta saboda haka in dai kati ya nuna an yi.

Ki riƙa laluba hammatar hagu idan kina masa wanka. 'Yar ƙaramar kaluluwa da ba ta ciwo tana iya fitowa ta baje da kanta. Amma ki kai shi asibiti ba tare da jiran ranar rigakafi ba idan kaluluwar ta girma har ana ganinta da ido, ko ta yi ja ta yi laushi, ko ta fashe. Idan ƙurjin damtsen ya zama gyambo mai faɗi yana ƙaruwa maimakon raguwa. Ko wurin ya kumbura sosai ya tara mugunya. Kada a yi masa sakiya, kada a sayo magani a kemis. Ga jaririn da mahaifiyarsa ke da HIV, irin wannan kumburi dalili ne na a yi masa gwaji nan take ko da an taɓa yi, domin wani lokaci shi ne abin da ke fara nuna cewa garkuwarsa ba ta da ƙarfi.

Mataki na huɗu: sati shida

Idan akwai rana ɗaya da zan roƙe ki kada ki bari ta wuce, ita ce wannan. Ta zo daidai da fitar arba'in, lokacin yawon gaishe-gaishe, sai a shagala. A wannan zuwa ne ake yin abu uku. Ana ci gaba da rigakafi, su Penta da ɗigon shan inna da sauransu, waɗanda za a maimaita a sati 10 da sati 14. Ana fara ba jaririn Septrin kullum, wanda ke kare shi daga wani mugun ciwon huhu da ke kashe jarirai masu HIV, kuma zai ci gaba da sha har sai an tabbatar ba ya ɗauke da cutar. Sannan a ɗauki jininsa.

Gwajin jariri ba irin na manya ba ne. Gwajin nan na minti kaɗan da ake yi wa manya yana neman alamar da jiki ke samarwa don yaƙar cutar, jariri kuwa yana ɗauke da irin wannan alama ta mahaifiyarsa har zuwa wata 18, ko da shi ba shi da komai. Don haka ake yi masa wanda ke neman ƙwayar cutar kanta, ana kiransa PCR. Za a ɗan soki dunduniyarsa, a ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman, a busar, a aika ɗakin gwaji. Wasu asibitocin suna yin wannan tun ranar haihuwa, wasu kuma suna da na'urar da ke fitar da sakamako a rana ɗaya. Inda sai an aika, yana iya ɗaukar makonni. Ki bar lambar waya mai aiki, ki tambayi ranar da za ki dawo, kuma ki bi sawu da ƙafarki. Kada ki ɗauka shiru na nufin lafiya.

Idan sakamako ya fito

In ya nuna babu cutar, alhamdu lillahi, BCG ɗin da aka yi masa ta zauna daidai. Sai dai muddin yana shan nono, gwaji bai ƙare ba, kuma kariyarsa tana hannun maganin da kike sha.

In ya nuna akwai, kuma an riga an yi masa BCG, kada hankalinki ya tashi a kan allurar, kada kuma ki zargi kanki ko nas. Ba a cire ta, ba a kuma ba da wani magani don a kashe ta idan yaron ba shi da alamar ciwo. Abin da ke kare shi shi ne a ɗora shi a kan maganin HIV nan take, a ɗauki jini na biyu don tabbatarwa ba tare da an jira shi kafin a fara ba. Ba a jinkiri a nan: in ba magani, kusan ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu ba sa kai shekara, rabi kuma ba sa kai shekara 2. Da magani kuwa suna girma, su yi makaranta. Yanzu akwai na yara da ke narkewa a ɗan ruwa, ba ya wahalar bayarwa.

Ki san wani abu da kan faru bayan an fara maganin. Cikin makonni ko 'yan watanni, garkuwar yaron na farfaɗowa, sai ta far wa ƙwayar BCG da ta tarar. Tabon da ya warke yana iya sake kumbura, ko kaluluwar hammata ta taso. Iyaye da yawa sai su ce maganin ne bai karɓe shi ba, su daina. Kada ki daina ko na kwana ɗaya. Ki kai shi likita ya duba. Yawanci yana lafawa, wani lokaci a zuƙe mugunyar da allura. Likita ne zai tantance ko a wurin kawai abin ya tsaya ko ya bazu. Alamun bazuwa su ne zazzaɓin da ya ƙi sauka, rama, kumburin ciki, kumburi a ƙashi ko gaɓa, da yaro ya yi laushi ya daina tsotso. Wannan sai asibiti babba, kuma ki tuna wa likita cewa an yi masa BCG, ki nuna kati, domin haɗin maganinta ya ɗan bambanta da na tarin fuka na yau da kullum. Ɗaya daga cikin magungunan, firazinamid, ba ya kama ta.

In kuwa an gano yana da cutar tun kafin a yi masa BCG, to a dakata. Sai ya fara magani, jikinsa ya yi kyau, gwajin CD4, wanda ke auna ƙarfin garkuwar jiki, ya nuna ya haura kashi 25 cikin 100, sannan likita ya ba da izini a yi. Wannan ƙofa ce da matsayar 2018 ta buɗe, wadda a da take rufe.

Idan akwai tarin fuka a gidan

Wannan wuri ne da ko jaririn ba shi da HIV, ana ɗaga allurar. Idan uwa tana da tarin fuka na huhu, kuma ba ta cika wata 2 tana shan magani ba kafin haihuwa, ko sai bayan haihuwa aka gano, mai yiwuwa jaririn ya riga ya shaƙi ƙwayar. BCG ba ta warkar da wanda ya riga ya shaƙa. Sai a duba shi. In yana da ciwon, a yi masa cikakken magani. In ba shi da alama, a ba shi isoniyazid, wato INH, kullum har wata 6, ana ƙara adadin yadda nauyinsa ke ƙaruwa. Isoniyazid yana kashe ƙwayar BCG, shi ya sa ba a haɗa su. Bayan ya gama da sati 2, idan lafiyarsa ƙalau kuma ba shi da HIV, sai a yi allurar. Idan an riga an yi ta kafin a gano ciwon uwar, ki tambayi likita ko za a maimaita ta bayan kammala maganin.

Ba a raba uwa da ɗanta saboda tarin fuka na yau da kullum, ba a kuma hana nono. Ki sa takunkumi idan kina shayarwa a makonnin farko na magani, a buɗe taga, a rage kulle ɗaki da garwashi a ciki. Idan mai tarin wani ne a gidan ba ke ba, a gaya wa ma'aikatan lafiya kafin allura, a kai mai tarin gwaji, a kuma hana shi ɗaukar jaririn har magani ya kama shi. Sauran yaran gidan 'yan ƙasa da shekara 5 su ma a kai su a duba, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Ko yaro ya samu BCG, tarin fuka yana iya kama shi. Tarin da ya wuce sati 2, zazzaɓin da maganin cizon sauro bai sauke ba, ko layin nauyi a kati ya tsaya ko ya sunkuya, duk dalilin zuwa asibiti ne. Maɗiga ta kumbura, jijjiga, sanƙarewar wuya, ko barcin da ba a iya tashinsa, waɗannan ko tsakar dare ne a tafi.

Maigida

Malam, rabin wannan aiki naka ne. Kai ke ba da izinin fita, kai ke ba da kuɗin mota, kai ne kuma za ka iya cewa Hajiya a bar wanzami ba tare da an tambaye ka dalili ba. Ka je a gwada ka, in akwai wasu matan su ma a gwada su, da yaran da aka haifa a baya. In kana tari, ka ba da kaki. Ka riƙe ranakun nan a wayarka: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9. Matar da mijinta ya sani ya kuma tsaya mata ba ta ɓoye kwalbar nebirafin a ƙarƙashin katifa, ba ta tsallake lokacin bayarwa don akwai baƙi a ɗaki.

Har zuwa yaye

A wata 9, lokacin allurar ƙyanda, ana sake gwada yaron. Daga wata 6 kin fara ba shi abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara ɗaya aƙalla, kina shan maganinki ana duba yawan ƙwayar cutar a jininki. Idan lokacin yaye ya yi, a yi shi a hankali cikin kamar wata guda, kada a cire rana ɗaya a kai yaro gidan kaka. Gwajin ƙarshe ana yin sa idan ya cika wata 18, ko bayan wata 3 da daina shan nono, duk wanda ya zo daga baya. Sai wannan ya fito babu cutar sannan ake tsayar da Septrin a sallame shi daga wannan layi. Ki adana katin rigakafinsa da takardun sakamakon a leda wuri ɗaya, ki riƙa tafiya da su duk asibitin da za ki kai shi, ko da ciwon da ya kai ku bai shafi wannan ba.